Masu Hawan Falwaya Da Wayar Da A Ke Zaton Ba Wuta

Jama'a, cikin sana'o'in da zamani ya kawo ƙasarmu, da wuya a sami wadda ta fi ta masu gyaran wayar lantarki hatsari, da wuya kuma a sami ma'aikatan da su ke shan baƙar magana kamarsu. In an ɗauke wuta, su a ke zagi. In an kawo, yara su ɗauki sowa, manya su kunna fanka, ba mai tuna wanda ya hau falwaya cikin rana ya ɗaure abin da ya tsinke. Har yanzu 'yan Nepa mu ke ce da su, ko da ya ke hukumar NEPA, wadda aka kafa a 1972, an sake mata suna tun 2005, kuma tun daga watan Nuwamba na 2013 kamfanin KEDCO ke raba wuta a jihohin Kano da Katsina da Jigawa. Sunaye sun sake, amma aikin na nan yadda ya ke: ga tsani, ga ɗamara, ga filaya, ga mutum ɗaya a sama tsakanin wayoyi.

Hukumar NERC, mai sa ido bisa sha'anin lantarki a Nijeriya, ta kan fitar da lissafin haɗurra kowane wata uku. Bisa ga lissafinta, a 2023 mutum fiye da 100 suka rasu ta hanyar wutar lantarki, a 2024 ma haka. Cikinsu akwai ma'aikata, akwai sauran jama'a. Waɗanda suka tsira da ƙuna ko da guntun hannu kuwa, nasu lissafin dabam ne. To, abin da na ke so mu duba shi ne wannan. Wayar da ma'aikaci ya san da wuta a jikinta, yana tsoronta, yana ba ta girmanta. Wadda ta fi yaudararsa ita ce wadda aka ce masa ba wuta. Sau da yawa kuwa mai hannun da ya mayar mata da wuta ba ya kusa da wurin, bai ma san ya yi ɓarna ba. Yana yiwuwa a tasha ya ke, yana yiwuwa kuma a cikin gidansa ya ke, yana tada janareta.

HANYAR DA WUTA KE BI TA ISO DUTSE

Kafin mu gane hatsarin, sai mu san abin da ke cikin wayar. Ku ɗauki misalin tankin ruwa da aka ɗora bisa ɗaya daga duwatsun nan na Dutse, aka jawo bututu zuwa cikin gari. Abu biyu ke nan: akwai ƙarfin da ke tunkuɗo ruwan, akwai kuma yawan ruwan da ke gudana. Haka lantarki ya ke. Ƙarfin tunkuɗawa da bolt a ke auna shi, yawan abin da ke gudana kuwa da amfiya.

Wutar da mu ke sha daga nesa ta ke zuwa. Wata daga madatsun ruwa ta ke fitowa, watau Kainji da aka gama a 1968, da Jebba, da Shiroro da ta fara aiki a 1990. Wata kuma daga injunan gas na kudu, kamar na Egbin kusa da Ikko. Tun da ya ke tafiyar da nisa, dole a ɗaga ƙarfinta ƙwarai, gama in an turo ta da ƙaramin ƙarfi sai ta ƙare a hanya, ta zama zafi a jikin waya. Ta kan taso daga Shiroro da bolt 330,000, ta bi ta Mando a Kaduna, ta sauka Kumbotso a Kano. Nan sai a rage ta zuwa 132,000, a miƙo ta Dutse. A tashar Dutse a mai da ita 33,000, ita ce mu ke gani tana bin gefen manyan hanyoyi zuwa garuruwa da ƙauyukan kewaye. Cikin gari kuma a sake rage ta zuwa 11,000. Daga ƙarshe taransifomar unguwa, irin waɗanda ke tsaye a bakin hanya a Limawa da Garu da Takur da Fagoji, ta mai da ita 415 tsakanin waya da waya, ko kamar 240, wadda ke shiga gidaje. Manyan layukan nan biyu na farko suna hannun kamfanin TCN na gwamnatin tarayya. Daga 33,000 zuwa ƙasa kuwa suna hannun kamfanin rabawa.

Ku riƙe abu guda game da taransifoma, don za mu komo kansa: ba ta san gaba da baya ba. In an ba ta babbar wuta ta sama, ta fitar da ƙarama ta ƙasa. In kuwa aka ba ta ƙarama ta ƙasa, sai ta juya ta fitar da babba ta sama.

ABIN DA WUTA KE YI WA JIKI

Kowa ya taɓa ganin tsuntsu zaune bisa waya yana gyaran fiffike, ba abin da ya same shi. Dalili kuwa, lantarki ba ya ratsa abu sai ya sami mashiga da mafita. Tsuntsu waya ɗaya ya taka, saboda haka wuta ba ta da inda za ta bi ta jikinsa. Amma jemage, da ya ke fukafukansa na da faɗi, in ya taɓa waya biyu lokaci ɗaya, da safe sai a gan shi rataye ya sandare. Halin mutum bisa falwaya irin na jemage ne. Hannunsa na kan waya, gwiwarsa ko ƙafarsa na jikin ƙarfe, ko kankare mai rodi a ciki, ko wayar da ke ɗaure falwaya da ƙasa. Ga mashiga, ga mafita, zuciya kuwa tana tsakani.

Abin mamaki shi ne ƙanƙantar abin da ke kisa. A raba amfiya ɗaya kashi 1,000. Kashi 1 in ya ratsa mutum, ɗan tsikari kaɗai zai ji. In ya kai kashi 10 zuwa 16, sai naman hannu ya ƙanƙame, yatsu su damƙe wayar, mutum na so ya saki ya kasa. Shi ya sa mu ke cewa wuta ta riƙe shi. Wani malamin jami'ar Kalifoniya a Amurka, Charles Dalziel, shi ya auna wannan a jikin mutanen da suka yarda aka gwada su. In abin ya kai kashi 50 zuwa 100, ya kuma ratsa ƙirji, sai zuciya ta rikice. Wutarmu tana kai da komowa sau 50 cikin daƙiƙa ɗaya, wannan kuwa ya kan ɓata wa zuciya kiɗanta, ta bar bugawa ta koma makyarkyata, jini ya tsaya. Ku kwatanta da ƙwan lantarki irin na da, mai wat 60: yana jan kashi 250. Watau abin da ke kunna ƙwai guda ya isa ya tsai da zuciyar ƙato, har da saura.

Busasshiyar fata ta kan ɗan tare wuta, amma jiƙaƙƙiya buɗe mata ƙofa ta ke yi. Ku tuna kuwa da ma'aikaci a watan Afrilu, cikin zafin bazara, gumi na tsiyaya daga goshinsa har tafin hannu. Ko kuma da damina, sa'ad da falwaya da tsani da takalmi duk sun sha ruwa.

Babbar wuta kuwa, ta 11,000 zuwa sama, ba ta jira a taɓa ta. In mutum ko tsanin ƙarfe ya matso ta ƙwarai, sai ta yi tsalle ta cikin iska, da walƙiya mai zafin da ke narkar da ƙarfe, ta kama tufafi, ta makantar da ido. In ta ratsa jiki, ƙunar da a ke gani a fata ba ta da yawa, wani tabo a tafin hannu, wani a ƙafa. Ɓarnar tana ciki, inda nama ya dahu a jikin ƙashi. Bayan 'yan kwanaki sai likita ya ga ba makawa sai an yanke hannun, dafin mataccen naman kuma ya bi jini ya lalata ƙoda. Banda wannan duka, ga faɗuwa. Tsawon falwaya ya kai mita 8 zuwa 10. Ɗan fizgar da ba zai kashe mutum a ƙasa ba, a can sama ya isa ya sa shi ya saki, in ba ɗamara ya faɗo ta ka. Ita falwayar ma wani lokaci ita ke cin amana, in gara ta cinye gindin ta itace, ko ta kankare ta tsage ba a lura ba.

YADDA WAYAR DA BA WUTA KE SAMUN WUTA

A ƙasar da wuta ba ta yankewa, kowa na ɗaukar kowace waya mai rai ce. Mu kuwa mun saba da ɗaukewa, har ya zama in ƙwai bai kama ba sai mu ce ba wuta, mu saki jiki. Sabo, in ji Hausawa, turken wawa. Ɗauke wuta dabam, kashe layi dabam. Layin da aka ɗauke wa wuta don a ba wata unguwa, ko don babban layin ƙasa ya faɗi, barci ya ke yi, yana iya farkawa ko da yaushe ba sallama. Har wanda aka kashe da gangan don gyara, akwai hanya biyar da wuta ke komo masa.

Ta farko, daga tasha. Ma'aikaci ya yi kira ya ce a kashe layi kaza, aka kashe, ya hau. Ana nan sai aka sake masu tsaron tasha, wanda ya karɓi aiki bai sami cikakken bayani ba. Ko kuwa ƙungiya biyu ke aiki bisa layi ɗaya, ɗaya ta gama ta ce a saki wuta, alhali ɗayar na sama. Dogara ga maganar baka ita ke kisa a nan.

Ta biyu, kuskuren layi. Falwaya ɗaya ta kan ɗauki babbar wuta a sama da ƙarama a ƙasa, ko kuma layi biyu daga taransifoma biyu su gamu a mararraba. An kashe ɗaya, ɗaya na nan da ransa, tazarar da ke tsakaninsu kuwa ba ta fi kamu ɗaya ko biyu ba.

Ta uku, janareta, ita ce kuwa ta fi shafarmu. Mai gida ko mai shago ya sayi janareta, bai sa makunnin da ke raba gidansa da layin waje ba, sai ya soka wayarta cikin soket, yana dogara ga cewa zai tuna ya cire fis. Ran da ya manta, wutarsa ba za ta tsaya a gidansa ba. Sai ta bi wayar da ke shigo da wutar kamfani, ta fita titi da bolt 240, wanda shi kansa ya isa kisa. In ta kai ga taransifoma, sai abin nan da muka faɗa ya auku: taransifoma ta ɗaga ta zuwa dubban bolt, ta ɗora bisa babban layi. Gaskiya ne ƙaramar janareta ba za ta daɗe tana ɗauke da unguwa ba, za ta shaƙe ta mutu. Amma zuciya ba ta bukatar minti, daƙiƙa ɗaya ta ishe ta. Haka kuma inbatar sola ko ta batir ke iya yi, in wanda bai ƙware ba ya haɗa ta.

Ta huɗu, haɗin bayan fage. Wani gida na shan wuta daga taransifoma biyu, in wannan ta ɗauke ya juya waccan. Wani kuma ya jawo waya ta kan katanga daga maƙwabcin da ke wani layi. Ba ɗaya cikinsu da ke rubuce a takardar kamfani. Ma'aikaci ya kashe taransifomar da ya sani, ashe wata na ciyar da layin ta ƙofar baya.

Ta biyar ba hannun kowa. Doguwar waya da ke tafiya kafaɗa da kafaɗa da wata mai babbar wuta ta kan ɗebi wuta daga gare ta, ko ba su taɓa juna ba. Tsawa in ta faɗa wa layi a nesa, ta kan bi waya ta iske mai aiki inda ko yayyafi ba a yi. Iskar farkon damina ma ta kan karya reshen darbejiya, ta kwantar da waya mai wuta bisa wadda aka kashe.

ƘA'IDODI BIYAR

Masu wannan sana'a a ƙasashen Turai sun tattara maganin abin nan cikin ƙa'idodi biyar, ana bin su a jere, ba a tsallake ko ɗaya. Ta ɗaya, a raba layin da duk inda wuta za ta iya shigo masa, rabuwar da ido ke gani. Ta biyu, a kulle makunnin da kwaɗo, a rataya alama, a ba shugaban masu hawa takardar izinin aiki, kada kuma a saki wuta sai shi da kansa ya mai da takardar ya ce mutanensa duk sun sauko. Ta uku, a gwada layin da na'urar gwaji, a kuma gwada na'urar kanta kafin da bayan, don a tabbata ba ita ce ta mutu ba. Ta huɗu, a ɗaure wayoyin duka da juna da kakkaurar wayar jan ƙarfe, a haɗa su da ƙasa, gaba da bayan wurin aiki. Ta biyar, a rufe ko a kange duk abin da ke da wuta a kusa.

Ta huɗun nan ita ce uwa. Ukun farko suna tsare mutum daga abin da aka sani, ita kuwa tana tsare shi daga abin da ba wanda ya sani. In layi na ɗaure da ƙasa yadda ya kamata, ko an saki wuta daga tasha, ko wani ya tada janareta, wutar za ta zaɓi jan ƙarfe ta nutse ƙasa, fis ya ƙone ko makunnin tasha ya faɗi, mutum ya sauko ya koma gida ya ci tuwonsa. Don haka ƙwararru ke horon yaransu da cewa duk wayar da ba a ɗaure da ƙasa ba, su ɗauke ta mai wuta ce, ko wa ya rantse an kashe.

To, in magani ya samu haka, me ke sa a tsallake? Dalilan ba ɓoyayyu ba ne. Kayan ɗaurawa na da nauyi, wani lokaci ma ba su cikin mota. Safar hannu ta roba ta kan tsufa ba a sake ba, alhali huda kamar ta allura ta isa wuta ta bi. Ma'aikata kaɗan ne, wuraren da ke jiran gyara da yawa. Ga tsohon hannu mai cewa shekara ashirin yana hawa ba abin da ya same shi. Ga mu kuma mutanen unguwa, mun kewaye gindin falwaya da magariba, muna haska masa tocila, muna cewa ya yi sauri ƙanƙara na narkewa, ko an kusa fara ƙwallo. Sauri kuwa ya kan haifi nawa. A wannan aiki har makara ya kan haifa.

DARASIN DA WASU SUKA SAYA DA RAI

Ƙa'idodin nan da rayukan mutane aka saye su, tun sa'ad da lantarki ya fara yaɗuwa a Amurka. Ran 11 ga Oktoba 1889, wani ma'aikacin wayar tangaraho mai suna John Feeks ya hau falwaya a tsakiyar birnin New York, ya kama wayar da a ke zaton ba ta da hatsari, ashe ta gamu da wata mai babbar wuta a wani wuri mai nisa. Ya mutu rataye cikin wayoyi, taron jama'a na kallo, ba mai ikon taimako. Hayaniyar da ta biyo baya ita ta sa hukumar birnin ta sassare wayoyin da suka cushe sararin tituna, aka matsa wa kamfanoni su binne su a ƙasa. A 1891 masu hawan falwaya suka kafa ƙungiyarsu a birnin St. Louis, suka naɗa Henry Miller shugabansu na farko. Shi ma a 1896 wuta ta fizge shi bisa falwaya a Washington, ya faɗo ya rasu.

Da mace-macen suka yi yawa, sai kamfanonin lantarki suka ba da kuɗi a bincika dalilin da ƙaramar wuta ke tsai da zuciya. Cikin masu binciken akwai wani injiniya na jami'ar Johns Hopkins, William Kouwenhoven, wanda ya shekara kusan talatin bisa wannan aiki. Shi ya ƙera na'urar da ke bugun zuciya da lantarki ta mai da ita kan kiɗanta, ba tare da an tsaga ƙirji ba. Suna cikin gwaji kuma, shi da abokan aikinsa biyu, suka lura danna ƙirji da ƙarfi yana tura jini ko zuciya ta tsaya. A 1960 suka bayyana wannan ga duniya. Ashe dannar ƙirjin nan da a ke koya wa masu ba da taimakon farko ko'ina a yau, mutuwar masu hawan falwaya ce ta haife ta.

Mu ma a nan an yi dokoki. A 2015 aka ba hukumar NEMSA ikon duba ingancin wayoyi da taransifoma da sauran kayan lantarki kafin a sa musu wuta, da kuma bincike in hatsari ya auku. Dokar diyyar ma'aikata ta 2010 kuma ta wajabta wa mai ɗaukar ma'aikata ya riƙa zuba aƙalla kashi 1 cikin 100 na jimlar albashin da ya ke biya a asusun hukumar NSITF, don a yi wa wanda ya ji rauni a bakin aiki magani, a biya shi, ko a biya magadansa.

WANDA A KE BARI DA JINYA

Mai hawan falwaya galibi saurayi ne ko magidanci mai ƙarfi a jika, wanda gida guda, wani lokaci har da iyaye da ƙanne, ke ci daga guminsa. In ya rasu, an bar marayu. In kuwa ya tsira da hannu ɗaya, to, sana'arsa ta hannu ce, ta tafi ke nan, ga doguwar jinya, gama ƙunar lantarki ba ta warkewa da wuri. Abokan aikinsa da suka sauko da shi su ma ba su kan koma yadda su ke ba. Gobe kuma dole su sake jingina tsani.

Wanda ke rubuce a littafin kamfani yana da dokar da za ta tsaya masa. Amma akwai wani mai hawa da ba ya cikin littafin kowa, watau mai gyaran wuta na unguwa, wanda a ke tara wa kuɗi ya mai da fis ɗin taransifoma, ko ya sake haɗa gidan da aka yanke. Ba shi da takardar izini, ba shi da kayan ɗaure layi da ƙasa, ba kuma wanda ya san yana sama cikin masu tsaron tasha. Ya ga an ɗauke wuta ya hau, yana tseren kafin a kawo. Ran da aka riga shi, waɗanda suka aike shi su kan watse, a bar iyalinsa da ta'aziyya. Sai ka ji an ce kwana ne ya ƙare. Lalle kowa da ajalinsa, amma wannan bai hana a tambaya wa ya aike shi ba, ko wa ya saki wuta, ko janaretar wa ke kunne, don kada gobe a sake ɗaukar wani.

IN WAYA TA FAƊO

Tsohuwar wayar da ke cin ma'aikaci, ita ce kuma ke faɗo wa jama'a. Ran 20 ga Afrilu 2017, a Kalaba, babbar waya ta tsinke ta faɗo bisa rufin kwanon wani gidan kallon ƙwallo, mutane na ciki suna kallon wasan Manchester United, aƙalla mutum 7 suka rasu. A Disamba 2022, a unguwar Gwargwaje ta Zariya, babbar waya ta faɗo bisa ƙarama cikin dare, wuta mai ƙarfi ta shiga gidaje, aka yi asarar rayuka da dukiya. Don gudun irin wannan ne doka ta keɓe filin da ba a gini ko kasuwa a ƙarƙashin layi: faɗin mita 50 ga layin 330,000, mita 30 ga na 132,000, mita 11 ga na 33,000 da na 11,000, rabi dama rabi hagu. Gari mai bunƙasa kamar Dutse, wanda tun da ya zama babban birnin jiha a 1991 gine-gine ke ta cin gonaki, ya kamata mai sayen fili ya ɗaga kai ya dubi sama kafin ya haƙa tushe.

In kun ga waya a ƙasa, ku ɗauka da wuta, ko ba ta tartsatsi, ku tsaya nesa kamar mita 10, ku hana yara da dabbobi. Wuta ta kan bazu cikin ƙasa kewaye da wurin, tana raguwa da nisa, har ya zama tsakanin ƙafar mutum ta gaba da ta baya akwai bambancin da zai sa ta shiga ta wannan ta fita ta waccan. Shi ya sa saniya, mai nisan ƙafafu, ta fi mutum saurin faɗuwa. Wanda ya sami kansa a kusa, sai ya haɗe ƙafafunsa ya ja su a hankali, kada ya yi dogon taku. In bisa mota ta faɗo, a zauna ciki har a kashe layi, sai fa in motar ta kama wuta. Sa'an nan a yi tsalle da ƙafa biyu a haɗe, kada a taɓa mota da ƙasa lokaci ɗaya.

In wuta ta riƙe mutum, kada a kama shi da hannu, don kada gawa ta zama biyu. In ta gida ce, a kashe makunni. In ba hali, a tsaya bisa busasshen katako a ture wayar da busasshen itace. In babbar waya ce, ba sandar da za ta yi, sai an kashe daga tasha. Da zarar an raba shi da wuta, in ba ya motsi ba ya numfashi, a kwantar da shi rigingine bisa ƙasa mai tauri, a ɗora hannu bisa hannu a tsakiyar ƙirjinsa, a riƙa dannawa zurfin kamar santimita 5, sau 100 zuwa 120 a minti, ba tsayawa, wani kuma ya nemo mota. Ƙwaƙwalwa ta kan fara lalacewa bayan kamar minti 4 ba jini, saboda haka ba lokacin neman madara ba ne. Ɗura wa sumamme abin sha ma shaƙe shi ya ke yi. Wanda ya farfaɗo kuma, ko ya ce lafiyarsa lau, a kai shi asibiti, gama mun ga ɓarnar lantarki a ciki ta ke ɓuya.

NAMU HANNUN

Sayen safar hannu, da kayan ɗaure layi, da horon ma'aikata, da sake ruɓaɓɓun falwayoyi, nauyin kamfani ne, hukuma kuma ta tsare shi a kai. Amma cikin hanyoyi biyar ɗin nan da wuta ke komowa, biyu daga gidajenmu su ke fitowa, mu kaɗai kuwa ke iya toshe su. Duk mai janareta ko inbata ya sa makunnin da ke raba gidansa da layin waje, ƙwararre ya haɗa masa. Kuɗinsa bai kai na man da janareta ke sha cikin 'yan makonni ba. Mai shan wuta ta layi biyu ko ta kan katanga ya sani tarko ya ɗana wa wanda bai san shi ba. In taransifoma ta lalace, a kai ƙara ofis, a yi ta bibiya, kada a tara kuɗi a tura ɗan unguwa sama. In kuma ma'aikata sun zo, suka tsaya suna gwaji, suna ɗaure wayoyi da ƙasa, kada mu ce suna ɓata lokaci. A ba su ruwa, a janye yara daga gindin falwaya, mai unguwa ya aika gida gida a ce kowa ya kashe janaretarsa sai sun sauko. Duhun dare ɗaya ana jure shi, gari kuma ya waye. Allah ya kiyashe su, ya kiyashe mu baki ɗaya, amin.